Wayar malami ko wayar ɗalibi: muhawarar malaman Arewacin Kamaru da Cadi kan karatu ta intanet

Malam Sani (Garwa):
Assalamu alaikum malamai, iyayena da yayyena da ƙannena. Tun da aka buɗe wannan zaure, da wuya a wayi gari wani bai turo mana adireshin wani shafi ko sunan wata manhaja da aka ce za ta sauƙaƙa wa malami aiki ba, amma har yau ba mu taɓa tambayar juna wanne daga cikinsu ya shiga aji da gaske, wanne kuma ya tsaya a cikin waya yana cin wuri ba. Ina roƙon mu tsaya a kan wannan tambaya, kowa ya faɗi abin da ya gani a makarantarsa.

Dukanmu muna tune da ranar 18 ga Maris 2020, lokacin da aka rufe makarantun Kamaru saboda korona. An sa darussa a talabijin na CRTV domin masu shirin jarrabawa, ma'aikatar ilimin sakandare kuma ta kafa cibiyar koyarwa daga nesa a Yawunde, inda ake ɗaukar darussa a bidiyo ana ɗora su a intanet. Malaman da suka gabatar da darussan ƙwararru ne, ni kaina na ƙaru da su. Sai dai da azuzuwan jarrabawa suka dawo ranar 1 ga Yuni, abin da na tarar a ajina na Terminale, ajin ƙarshe na sakandare, shi ne ɗaliban da suka bi darussan a kai a kai 'yan kaɗan ne, kuma su ne 'ya'yan ma'aikata da manyan 'yan kasuwa waɗanda dama can suna da mai yi musu bita a gida. Sauran, wasu sun koma ƙauye, wasu sun shiga kasuwa, wasu kuma talabijin ɗin gidansu na nan amma wuta ba ta zo a lokacin darasi ba.

Ra'ayina shi ne, a yankinmu na'urar da ya kamata mu gina aiki a kanta ita ce wayar malami. Idan malami ɗaya ya sauke abu mai kyau, ya fahimce shi, ya gyara shi, to ya kai shi ga duk wanda ke zaune a gabansa, mai waya da marar waya. Idan kuwa muka ce sai kowane ɗalibi ya shiga intanet kafin ya sami darasi, mun ƙara wa mai shi, mun rage wa marar shi.

Malam Nuhu (Ngaundere):
Wa alaikumus salam. Yaya Sani, ina ganin girmanka, amma a wannan karon ban bi bayanka ba. Abin da ka faɗa game da 2020 gaskiya ne, sai dai ba a yanke wa abu hukunci da ranar da aka fara shi cikin gaggawa, babu shiri, babu horo. Abin da nake tsoro shi ne mu mayar da talaucinmu dalilin da zai sa mu rage wa yaranmu buri. Ɗalibin da ke gabanmu a yau, gobe zai tafi jami'a, ko a nan Ngaundere inda take tun 1993, ko a Marwa da aka buɗe a 2008, ko sabuwar ta Garwa da aka kafa a 2022, kuma tun daga rajistar farko ta intanet zai yi ta. Yaron Duwala ko Yawunde yana isa can ya riga ya saba buɗe aji na intanet, ya karɓi aiki, ya mayar da amsa kafin wa'adi ya cika. Namu yana isa bai taɓa aika takarda ta imel ba, sai ya ɓata watannin farko yana koyon abin da ya kamata ya koya a lise, wato babbar sakandare.

Kuma hanyar ba a rufe take kamar yadda ake kwatantawa ba. Tun ƙarshen 2015 aka fara 4G a ƙasar nan, kuma ya iso manyan biranen Arewa. Ni ina da aji a Google Classroom da ɗalibaina na Terminale, ina ɗora aiki ranar Juma'a, su mayar kafin Litinin, wanda ba shi da waya ya ari ta yayansa ko ya haɗu da abokinsa su yi tare. Ba duka ke yi ba, amma waɗanda ke yi sun fi waɗanda aka zata. Gwamnati ma da ta sanar a 2016 cewa za ta raba wa ɗaliban jami'a kwamfutoci 500,000, ai ta nuna inda aka dosa. In mu malaman lise muka ce sai wayar malami kawai, wa zai haɗa yaron da wannan duniyar?

Malam Umaru (Mora):
Ƙanena Nuhu, Allah ya ƙara basira. Ina so ka ji yadda abin yake daga wannan gefe, domin Ngaundere da Mora ƙasa ɗaya ce amma ba hali ɗaya ba. Ni malami ne daga cikin waɗanda ƙungiyar iyaye ke biya, ba ni da lambar albashin gwamnati, kuma abin da iyaye ke haɗawa ba kowane wata yake cika ba, musamman kafin a girbe. Kwamfutocin da ka ambata ɗaliban jami'a aka ba, ba su zo hannun malamin firamare na ƙauye ba. Duk datar da na saya domin aiki, daga kuɗin cefanen gidana ta fito. Saboda haka idan aka turo bidiyo a zauren nan, abin da nake fara dubawa shi ne nauyinsa, kafin in duba abin da yake koyarwa.

Tun 2014 rikicin Boko Haram ya rufe makarantu da yawa a bakin iyaka, a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari, yaran suka kwararo cikin garuruwa, azuzuwanmu suka cika har wasu na zaune a ƙasa. A wancan lokaci abin da ya kai karatu ga yaran da ba su da aji shi ne rediyo. A 2017 UNICEF ta fara shirin karatu ta rediyo a yankin Tafkin Cadi, darussa 144 na karatu da lissafi, cikin Faransanci da Fulatanci da Hausa da Kanuri. Na ga yadda ake tara yara a inuwa, a kunna rediyo mai amfani da hasken rana, babba ɗaya yana tsaye yana maimaita abin da aka faɗa, yana duba allon kowa. Abin lura a nan shi ne, ko rediyon bai yi aiki shi kaɗai ba, sai inda aka sami wannan babban da ke tsaye a kan yaran. Inda aka ajiye rediyo babu mai kula, wasa yaran suka koma yi. Wannan ya sa na fi karkata ga maganar Malam Sani.

Malam Sani (Garwa):
Na gode Malam Umaru. In ƙara da batun wuta, domin shi ne tushen komai. Layin wutar Arewa ba a haɗe yake da na Kudu ba, mun dogara ne da madatsar Lagdo a kan Binuwai, wadda aka gama a 1982, injina huɗu masu ba da megawat 72 idan ruwa ya cika. Shekarar da damina ta gaza, ruwan ya ja baya, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa, kuma lokacin ya kan faɗo daidai watannin zafi da ake bitar jarrabawa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage wahalar, amma har yanzu ba wanda zai sa wa ɗalibai darasi kai tsaye da ƙarfe takwas na dare ya tabbata duka za su samu. Ga kuma lissafin data: awa ɗaya ta bidiyo kai tsaye tana iya cin ɗaruruwan megabait, Zoom na kyauta kuma yana yankewa bayan minti 40, alhali takardar darasi mai shafi biyar ko saƙon murya na 'yan mintuna ba su kai komai ba.

Malama Hadiza (Marwa):
Assalamu alaikum. Malamai, kun yi ta magana a kan wuta da data, ni kuwa damuwata tana kan abin da ake saukewar kansa, domin ko an ba mu intanet kyauta wannan matsalar tana nan. Ina koyar da CM2, ajin ƙarshe na firamare. A makarantarmu akwai wata ƙanwarmu da ta fito daga ENIEG, makarantar horar da malaman firamare, ba da daɗewa ba, mai ƙoƙari ce ƙwarai, ta samo takardar shirin darasi a wani zauren malamai na WhatsApp, an tsara ta tsaf bisa sabon tsarin karatun firamare na 2018, babu abin da sufeto zai kushe a siffarta. Darasin a kan yanayin garinmu ne. Ta rubuta a allo cewa shekara tana da lokuta huɗu, babbar damina da ƙaramar damina, babban rani da ƙaramin rani, yara suka kwafa a littattafansu da kyakkyawan rubutu. Sai wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, Malama, ƙaramar daminar a wane wata take zuwa, domin shi bai taɓa ganinta ba. Takardar malamin Yawunde ne ya rubuta ta, kuma a can gaskiya ya faɗa. A Marwa kuwa damina ɗaya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, sauran shekara rani ne da hunturu da bazara.

Haka lissafin yake. Tambayoyin da ke zuwa mana daga Kudu cike suke da buhunan koko da gonakin ayaba, alhali yaron nan ya san buhun albasa, ya san ranar awon auduga, ya san yadda ake dashen masakwa, dawar rani, a karal, ƙasar laka mai riƙe danshi, bayan ruwa ya ɗauke. Tsarin da aka ce mu bi yana so a fara darasi daga matsalar da yaro ya sani a rayuwarsa, to in misalin baƙo ne, an rushe tsarin tun daga layin farko ko da an cike dukan gurabun takardar.

Na ƙetare ma sun fi ruɗarwa. Khan Academy na Faransanci, wanda ƙungiyar Bibliothèques Sans Frontières ta fassara, yana da bayanin lissafi mai kyau sosai, ni kaina a can na sami hanyar bayyana kashi-kashi da ta fi wadda aka koya mini. Amma kuɗin da ke ciki yuro ne, kuma da yake sunayen azuzuwanmu iri ɗaya ne da na Faransa, CM1 da CM2 da sixième, malami sai ya ɗauka abin da ke ciki ma iri ɗaya ne, alhali jerin darussan ya bambanta, kuma yaronmu CEP, jarrabawar kammala firamare, da jarrabawar shiga sixième, ajin farko na sakandare, zai rubuta. Saboda haka ina kallonsa ne domin in ƙara wa kaina fahimta, sannan in rubuta nawa.

Alhaji Garba (Garwa):
'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Na yi ritaya daga aikin sufeto, amma da yawa daga cikinku kun san har yanzu ana kawo mini takardun shiri in duba. 'Yata Hadiza ta taɓo inda ke mini ciwo. A zamaninmu malamin da ba ya son wahala yakan ari littafin shirin abokinsa ya kwafa da hannu, kuma a cikin kwafar dole ya karanta, wani abu ya shige shi. Yanzu ana turawa ne daga waya zuwa wurin buga takarda ba tare da an karanta ba. Kafin in bar aiki na tarar da takardar shiri guda a makarantu daban-daban, har da sunan garin wanda ya fara rubuta ta ba a goge ba. Kwanan nan kuma wani sabon abu ya shigo, wato a tambayi ChatGPT da ire-irensa su rubuta shirin darasi. Abin yana fitowa da Faransanci mai santsi, amma ba ya riƙe da tsarin karatunmu, kuma idan bai san abu ba ba ya yin shiru, yana ƙirƙirowa ne ya faɗa da cikakken ƙarfin gwiwa. Malamin da ya san fanninsa zai kama shi ya gyara, wanda bai sani ba zai kai wa yara.

Ba ina cewa a guji waɗannan kayan ba ne. Ku duba shirye-shiryen da aka yi domin malamai musamman. IFADEM, wanda ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci da AUF, ƙungiyar jami'o'i masu amfani da Faransanci, suka fara a 2007 domin horar da malaman firamare daga nesa, bai dogara da intanet kaɗai ba: ana ba malami littattafai bugaggu, a haɗa shi da mai bibiyarsa, a riƙa tara su lokaci-lokaci su tattauna abin da suka gwada a aji. TESSA, wanda Open University ta Ingila ta jagoranta tun 2005, yana da darussan koyarwa cikin Faransanci da Ingilishi da Larabci da Swahili, kuma an sake su ne da izinin kowa ya gyara su su dace da ƙasarsa. Waɗanda suka tsara waɗannan sun san cewa takarda ba ta horar da malami sai an sami wanda zai tambaye shi, me ka yi da ita, me ya faru a ajin. Wannan mai tambayar shi ne zaurenku ya rasa. Kuna da masu turowa da yawa, ba ku da mai dubawa ko ɗaya.

Malam Nuhu (Ngaundere):
Baba, Allah ya ƙara muku lafiya, maganarku a kan dubawa babu ja a cikinta. Tun da yawancinku kun fi son abin da ke aiki ba tare da intanet ba, bari in faɗi waɗanda na sani, domin suna nan kuma kyauta ne. Kolibri, na ƙungiyar Learning Equality ta Amurka, ana sa shi a tsohuwar kwamfuta, a sauke darussan sau ɗaya a inda intanet ke da ƙarfi, daga nan wayoyi da kwamfutocin da ke kusa su riƙa shiga ta wifi na cikin gida ba tare da an kashe ko sefa ɗaya na data ba, malami kuma yana ganin inda kowane yaro ya tsaya. Kiwix yana ɗauke Wikipedia gaba ɗaya ko wani sashe nata ya sa a katin waya, har da Vikidia da aka rubuta domin yara, da Wikipedia ta Hausa. GeoGebra na lissafi ma yana aiki babu intanet. Amma ina nan a kan bakana game da manyan azuzuwa. Yaron Première da Terminale yana bukatar ya taɓa intanet na gaske da hannunsa, ya koyi nema da tantancewa, domin cutar da Baba ya bayyana a jikin malamai ita ce za ta kama shi a jami'a idan ba wanda ya koya masa bambanta sahihin bayani da na banza.

Malam Sani (Garwa):
Nuhu, ka manta da PhET na Jami'ar Colorado, wanda Carl Wieman ya kafa a 2002, kuma a wurina ya fi duka amfani. Ɗakin gwajinmu babu kayan aiki, don haka darasin lantarki a allo kawai yake ƙarewa. Na sauke gwajin haɗa da'irar lantarki na Faransanci, ƙaramin fayil ne da ke buɗewa babu intanet, na ajiye kwamfutata a kan tebur, ina kiran ɗalibai rukuni-rukuni yayin da sauran ke zana da'irar a littafi. Kafin kowa ya taɓa, sai ya faɗi abin da yake tsammani zai faru. Yawancinsu sun ce idan aka jera ƙwan lantarki biyu a layi ɗaya haske zai ƙaru, suka haɗa, suka ga ya dushe, sai gardama ta kaure a tsakaninsu har wata yarinya ta ce ai hanyar ce ta ƙara tsauri, kafin in furta sunan dokar Ohm. Wani kuma ya haɗa bakunan batirin guda biyu da wayar lantarki kai tsaye, batirin ya kama wuta a fuskar kwamfutar, ajin ya ɗauki sowa, kuma tun daga ranar ban sake bayanin haɗarin wannan haɗin ba. Kwamfuta ɗaya ce, ba a kashe data ba, kowa ya taɓa.

Malam Abakar (Njamena):
Gaisuwa ga malamai daga wannan gefen gadar Ngeli. Ina so in ƙara wani dalili da ba ku ambata ba, wanda mu a Cadi muka ɗanɗana. Daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 an toshe shafukan sada zumunta a ƙasar nan, har da WhatsApp da Facebook, wata goma sha shida ke nan. Duk malamin da ya ajiye kayan aikinsa a cikin zaure yana cewa ai suna nan, sai da ya nemi hanyar zagaye mai cin data ninki, ko ya haƙura. Ku ma kun ga yankunan Ingilishi na Kamaru sun yi kusan wata uku babu intanet a 2017. Ko babu hannun hukuma, Cadi ba ta da teku, babbar hanyar intanet ɗinmu ta biyo ta ƙasarku ne, saboda haka da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace ranar 14 ga Maris 2024, ƙasashe da yawa na yankin sun ji a jikinsu. Abin da ba ya cikin katinka ko kwamfutarka, aro ne, mai shi na iya karɓa ba sallama.

Muna da wata matsala ta daban, domin harsunan hukuma a nan biyu ne, Faransanci da Larabci. Malamin ɓangaren Larabci idan ya shiga nema yana samun kaya jingim, amma na Masar ne ko na ƙasashen Larabawa na Gabas, tarihinsu da labarin ƙasarsu da jerin darussansu, wato irin abin da Malama Hadiza ta faɗa ne da wani harshe. Akwai dandalin Imaginecole da UNESCO ta taimaka aka buɗe a ƙarshen 2020 domin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, Kamaru da Cadi na ciki, kuma ya fi kusa da mu tun da malaman yankin ne ke zuba kaya a ciki. Sai dai malaman al'umma na ƙauyukanmu, waɗanda halinsu ɗaya da na Malam Umaru, yawancinsu ba su ma ji sunansa ba.

Hajiya Balaraba (Kusiri):
Assalamu alaikum. Ni shugabar makaranta ce, kuma ina so in yi wa ɗana Nuhu tambayar da iyaye ke yi mini. Ka ce wanda ba shi da waya ya ari ta yayansa. Namiji zai ara, ya fita da ita bakin titi inda sabis ke da ƙarfi, ya dawo lokacin da ya ga dama. Yarinya fa? A gidaje da yawa uba ba zai yarda 'yarsa budurwa ta riƙe waya da dare ba, kuma ba zan ce bai da hujja ba, domin an sha ganin malami namiji ya ɗauki lambar ɗaliba daga zauren aji ya koma yi mata magana a gefe. Magana ɗaya irin wannan ta isa ta sa a cire yara mata da yawa daga makaranta, mu kuwa mun san wahalar da muka sha kafin a bar su su kai BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Ga shi dokar makarantun sakandare ta hana ɗalibi shiga da waya, mu ne masu ƙwacewa da safe, sannan mu ce da yamma ya nemo ta ya yi aikin gida. Kuma ba mu manta da 2020 ba, da tambayoyin Bak, jarrabawar kammala sakandare, suka yaɗu a wayoyi har aka sake rubuta wasu darussa.

Duk da haka ba zan ce a rufe ƙofar ba. Ambaliyar 2024 ta shiga makarantu da yawa a Logon-da-Shari da Mayo-Danay, littattafai da takardun shiri na shekaru suka jiƙe suka lalace, kuma malaman da suka fi saurin komawa aiki su ne waɗanda suka ɗauki hoton takardunsu suka ajiye a waya. A makarantarmu ƙa'idar da muka sa ita ce, zauren aji da lambar uba ko uwa ake buɗe shi, malamai kaɗai ke iya turawa, dole a sami malama mace a ciki, kuma duk abin da aka tura a zaure sai an rubuta shi a allo washegari, domin kada maki ya dogara da waya.

Malam Nuhu (Ngaundere):
Hajiya, ƙa'idar rubutawa a allo zan ɗauke ta daga wannan makon. Game da 'yan mata, abin da nake gani shi ne a buɗe musu ɗakin kwamfuta na makaranta da rana, ranar Laraba bayan an tashi, da malama a wurin, maimakon a ce su haƙura gaba ɗaya.

Malama Hadiza (Marwa):
Ga masu ƙananan azuzuwa, kada a manta yaron SIL, ajin farko na firamare, yana zuwa ne da Fulatanci ko Hausa ko Kanuri ko Larabcin Shuwa ko Mafa ko Tupuri, Faransanci kuwa a aji yake fara jin sa. African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya suna da gajerun labarai masu hotuna da Hausa, ana sauke su kyauta, an kuma yarda a fassara su. Hausar wasu ta Kano ce, akwai kalmomin da yaranmu ba sa amfani da su, amma gyaran ba shi da wuya. Wanda ya iya rubuta Fulatanci a cikinmu zai iya juya su, mu buga kaɗan mu liƙa a kwali.

Malam Sani (Garwa):
To ga abin da nake ba da shawara. Mu haɗa rumbu guda na kayan da aka duba, a jera su aji-aji da darasi-darasi bisa tsarin ma'aikata, kowane fayil ya zama mara nauyi, bidiyo kuwa sai wanda babu makawa. Nuhu yana da intanet mai ƙarfi, shi zai riƙa saukewa. Daga nan a zuba a katin waya, a riƙa kwafa daga hannu zuwa hannu ta Bluetooth ko Xender a ranakun taron ƙara wa juna sani.

Alhaji Garba (Garwa):
Na yarda, da sharaɗi biyu. Kada takarda ta shiga rumbun sai malami biyu masu koyar da wannan ajin sun karanta ta, ɗaya ya gwada ta a gaban yara, kuma a rubuta sunayensu da garinsu da shekarar a ƙasanta, domin wanda ya ɗauka ya san wanda zai tambaya. Na biyu, a bar gurbin misali a buɗe, kowa ya cike da abin garinsa. Ni zan duba na Faransanci da tarihi na firamare, amma a turo mini su a bugu, idona ba ya jure karatu a waya.

Malam Umaru (Mora):
Baba, sharuɗɗan sun yi. Saura batun kuɗin katin da na bugawa, domin idan aka bar shi a kan kowa da kansa, mu na ƙauye za mu sake zama a baya. Ina ganin waɗanda ke da albashi su ɗauki nauyin katin farko na kowace gunduma, mu kuma mu ɗauki nauyin yaɗa shi. Namu a ba direban motar Marwa zuwa Mora, zan karɓa a tasha in kai wa na Kolofata da na Tokombere.

Hajiya Balaraba (Kusiri):
Katin Logon-da-Shari a kaina yake, kuma Malam Abakar zai iya tsallako gada ya kwafa a wurina. Bugun takardun Alhaji kuma a kawo lissafinsa a zaure a raba.

Malama Hadiza (Marwa):
Ni na ɗauki labarin ƙasa da lissafi na CM2, zan fara da darasin yanayi, in turo shi kafin Alhamis. Ina bukatar malami ɗaya na CM2 daga Ngaundere ya rubuta mini watannin daminarsu, tun da ta fi tamu tsawo nesa ba kusa ba, Malam Abakar kuma ya rubuta na Njamena, domin takardar ta fita da gurbi uku. Malam Umaru, in ka yarda kai ne mai gwadawa na biyu.